Yadda Ake Rajistar Fili a Abuja Har Sunanka Ya Shiga Fayil

Duk wanda zai zuba kuɗinsa a fili a Abuja, akwai abu ɗaya da ya kamata ya zauna masa a rai tun kafin ya je ganin wurin. Gwamnati ba ta gane mai fili da katanga, ko da shaidar maƙwabta, ko da daɗewa a wuri. Wanda sunansa ke cikin fayil ɗin filin a AGIS, ofishin da ke riƙe da bayanan filayen Abuja, shi ne mai fili. Mu da muka taso a Kano ko Zariya ko Katsina mun saba da ciniki a gaban mai unguwa: a kira dattawa biyu su shaida, a rubuta 'yar takarda, a yi fatiha a tashi, kuma fili ya zauna lafiya har jikoki. Wannan sabo ya cinye dukiyar 'yan'uwanmu da yawa a nan, 'yan kasuwa da direbobi da ma'aikatan da suka zuba kuɗin sallamarsu gaba ɗaya, shi ya sa nake ganin wajibi ne a shimfiɗa hanyar dalla-dalla.

Tushen bambancin yana cikin doka. A 1976, zamanin Janar Murtala Muhammad, dokar da ta kafa Babban Birnin Tarayya ta danƙa ƙasar yankin baki ɗaya a hannun gwamnatin tarayya, sashe na 297 na kundin tsarin mulkin 1999 kuma ya sake nanata haka. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna, ta kuma bar wa ƙananan hukumomi ikon ba da haƙƙin zama na gargajiya a karkara. A Abuja babu wannan rangwame. Ministan Birnin Tarayya ne kaɗai ke ba da fili a madadin shugaban ƙasa, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a shari'ar Madu da Madu a 2008. Abin da ministan ke ba ka ma ba ƙasar ba ce ɗungurungum. Haƙƙin zama ne da amfani na wani wa'adi, galibi shekara 99, bisa sharuɗɗan da in ka karya su ana iya karɓe filin.

Kafin komai ka tabbatar filin a cikin Abuja yake. Ƙananan hukumomin birnin shida ne: AMAC, Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da Abaji. Mararaba da Masaka jihar Nasarawa ce, rajistarsu a NAGIS take, ofishin filayen jihar. Suleja da Madalla jihar Neja ce. Dillali zai ce maka duk Abuja ce, amma ikon filayen can a hannun gwamnonin jihohin yake.

Mataki na farko: gane irin takardar da ke kan filin

Takardun da ke yawo a kasuwar filayen Abuja ba darajarsu ɗaya ba, kuma farashi yana bin darajar. A saman su akwai C of O, takardar shaidar mallaka mai sa hannun minista, ɗauke da sunan wanda aka ba, lambar fayil, lambar fuloti, girmansa, shiyyar da yake, abin da aka yarda a yi da shi, da taswirar iyakokinsa. A ƙasanta akwai R of O, wato wasiƙar tayin fili daga minista. Ita ma takardar gwamnati ce sahihiya, sai dai aikinta bai ƙare ba: akwai kuɗaɗen da za a biya kafin ta haifi C of O.

Daga nan sai takardun ƙananan hukumomi, waɗanda suka cika Lugbe da Kuje da Kubwa da Gwagwalada. Shekaru da dama ƙananan hukumomi da ofisoshin shiyya sun yi ta raba filaye, wasu bisa tsari, wasu an buga su ne a ɗaki aka sa musu tsohuwar kwanan wata. A 2006 aka buɗe ƙofar miƙa irin waɗannan takardu domin a tantance su a mayar da su na minista, aka riƙa ba mutane 'yar takardar shaidar cewa an karɓi tasu. Wannan 'yar takarda ita ce dillalai ke ɗagawa yau suna cewa an riga an daidaita fili. Ba a daidaita ba. Shaidar miƙawa ce kawai. A watan Afrilun 2025 hukumar birnin ta bayyana cewa takardun da aka miƙa tun daga 2006 sun haura 260,000, amma waɗanda suka tsallake tantancewa ba su kai 3,000 ba. Wanda zai sayi irin wannan fili ya sani cewa layi ya saya a cikin jerin masu jira, ya biya kuɗin da ya dace da hakan, kuma kada ya zuba ginin miliyoyi a kai kafin sakamako ya fito.

Akwai kuma wasiƙar kamfanin gidaje, na masu estet. Kamfani ya samu babban fili daga minista, ya yanka, yana sayarwa da wasiƙarsa mai kan takardarsa. Wasiƙar tsakaninka da kamfanin ce, gwamnati ba ta san ka ba tukuna. Abin bincike a nan shi ne takardar kamfanin kanta: da gaske an ba shi filin, don gidaje aka ba shi, an amince da tsarin yankansa, bai jinginar da filin ga banki ba? Ka kuma sa a rubuta a yarjejeniya yadda za a fitar maka da takardarka ta kanka.

Ta ƙarshe, wadda ta fi kama mutanenmu saboda araha, ita ce takardar sarkin ƙauye. A gefen Gwagwa ko Karmo ko Dei-Dei za ka ji dillali yana cewa, "Alhaji, sarki ne da kansa ya sa hannu, ga hatiminsa. Dubi duk gidajen nan, da irinta aka gina su, wa ya taɓa su?" Gaskiya ya faɗa game da gidajen, amma bai faɗa maka cewa a taswirar gwamnati wurin yana iya zama hanya ko makaranta ko fulotin wani da ke riƙe da takardar minista ba. Gbagyi da Gade da Gwandara da Koro da sauran 'yan asalin wurin suna da ƙorafi mai nauyi kan diyya da sake matsuguni, kuma ni ina ganin da gaskiyarsu. Sai dai haƙƙin nasu ba ya bin wanda ya saya daga hannunsu. Ranar da motar rusau ta zo, ɗan asali yana da bakin magana a kan matsuguni, baƙon da ya saya kuwa ba shi da abin nunawa. Wannan takarda ba ta rajistuwa, don haka sauran matakan da ke tafe ba su shafe ta ba.

Mataki na biyu: bincike a AGIS kafin ko sisi ya fita

An kafa AGIS a 2003 lokacin da Malam Nasir El-Rufai ke minista, domin a tattara bayanan filayen birnin a kwamfuta. Ofishin yana kan titin Peace Drive a tsakiyar gari, kuma tare da Sashen Kula da Filaye suke aiki. Nan ne za a nemi rahoton bincike a kan filin da kake so. Ana rubuta takardar nema, a haɗa da kwafin takardar filin da amincewar mai shi, a biya kuɗin bincike ta Remita zuwa asusun gwamnati, a riƙe rasit.

Ka ɗauki lauyanka, wanda kai ka nemo kuma kai kake biya. Lauyan mai sayarwa ko na dillali ba naka ba ne, komai kirkinsa. Kada kuma ka karɓi rahoton bincike da wani ya kawo maka a shirye, domin wanda ya iya buga C of O na jabu, buga rahoton bincike ba zai ba shi wuya ba. Ka sa mai filin ya zo da takardarsa ta asali, ku shiga ofishin tare. Mai gaskiya ba ya gudun wannan tafiya. Wanda ya fara cewa yana Dubai, ko takardar tana wajen yayansa, ko akwai wani mai saye da zai biya gobe don haka ka ajiye kafin alƙalami yanzu, ka bar masa filinsa.

Idan rahoton ya fito, ka zauna ka karanta shi layi-layi kana gwadawa da takardar da ke hannun mai sayarwa. Lambar fayil a Abuja tana farawa da harufan jihar wanda aka ba filin, kamar KN ga ɗan Kano, fayilolin kamfanoni kuma galibi da MISC suke farawa. Kowace gunduma tana da lambar shiyyarta, Asokoro A04 ce, Guzape A09. Sunan, lambar fuloti, shiyya da girma dole su zo daidai, harafi da harafi. Sannan ka duba abubuwa huɗu: ko an jinginar da filin ga banki, ko akwai shari'a ko takardar gargaɗi da wani ya sa a kan fayil ɗin, ko an taɓa soke shi, da kuma bashin da ke kansa na kuɗin ƙasa, wato kuɗin da mai fili ke biyan gwamnati duk shekara. Ka duba abin da aka ware filin dominsa. Fulotin da aka ba don gidan zama ba a gina shaguna a kai sai an nemi izinin sauya amfani, kuma ba kullum ake bayarwa ba.

In sunan da ke fayil daban ne da na mai sayarwa, to fili ya bi hannaye. Sai a nuna maka sarƙar gaba ɗaya, daga wanda minista ya ba har zuwa wanda ke gabanka, ba tare da gibi ba. Idan kamfani ne ke sayarwa, lauya ya leƙa Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, ya ga su wa ke da ikon sa hannu. Idan magada ne, a ga takardar kotu da ta ba su ikon sayarwa, kuma a ji daga bakin kowane magaji, har matan da galibi ba a tambayar su.

Mataki na uku: ka je da safiyo ka taka filin

Takarda tana iya zama sahihiya, a kuma nuna maka wani wuri daban. Wannan zamba ta zama ruwan dare: takardar fulotin da ke cikin kwazazzabo ko ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, amma a tsayar da mota a kan shimfiɗaɗɗen fili bakin titi a ce nan ne. Maganinta safiyo mai rajista, wato mai auna fili, shi ma naka.

Aikinsa abin kallo ne. Zai buɗe taswirar da ke manne da takardar, ya shigar da lambobin kusurwoyi a na'urarsa, ya yi ta tafiya cikin ciyawa na'urar na jan sa, har ya tsaya ya ce a share nan. Yaronsa ya sa adda ya sare ciyawar, ya tona ƙasa kaɗan da fartanya, sai ga ɗan dunƙulen siminti mai kusurwa huɗu ya bayyana, da lamba a goshinsa. Wannan shi ne bikon. Ka durƙusa ka goge ƙasar da hannunka, ka karanta lambar, ka gwada ta da wadda ke taswira. Haka za a bi kusurwoyin duka. Inda bikon ya ɓace ko aka ga alamar an tumɓuke shi an matsar, a nan rigimar iyaka take kwance.

Kana wurin, ka buɗe ido. Tulin yashi ko bulo, tsohon tushen gini, gona, kabari, rubutun jan fenti a katangar maƙwabci, kowanne yana da labari. Ka gaisa da mai gadin gidan kusa ko mai shayin bakin hanya, ka ce, "Malam, don Allah filin nan na waye? Ana zuwa ganinsa?" Sau da yawa su ne za su gaya maka cewa ai mutum uku sun zo da takarda a kansa. In akwai masu noma a wurin, a san matsayin diyyar amfanin gonarsu tun yanzu. Idan da hali ka je da damina, ka ga inda ruwa ke bi.

Mataki na huɗu: ciniki da rubutu

Kuɗi ya bi ta banki, zuwa asusun da ke ɗauke da sunan mai filin, a rubuta lambar fuloti a bayanin turawa. La'adar dillali daban, a yanke ta tun farko. A cire bashin kuɗin ƙasa daga farashi ko mai sayarwa ya biya kafin a rufe ciniki. Ranar biya ita ce ranar karɓar takardun asali duka: C of O ko R of O, wasiƙar karɓar tayi, taswira, rasitan da aka taɓa biya, da takardun cinikin baya.

A zama ɗaya kuma mai sayarwa ya sa hannu a kan komai, gaban shaidu. Babbar takardar ita ce ta sayar da haƙƙi, wadda lauyoyi ke kira Deed of Assignment, a yi ta kwafi da yawa. Tare da ita ya sa hannu a wasiƙar neman amincewar minista, domin shi ne doka ta ɗora wa nema, ya ba da hotunansa, kwafin katin shaidarsa da takardar shaidar biyan harajinsa. Kada ka ce kunya ta hana ka tambaya saboda masallacinku ɗaya ko garinku ɗaya. Mutumin da ke gabanka yau da fara'a, bayan kuɗi sun shiga asusunsa zai iya tafiya, zai iya rasuwa, kuma neman sa hannun magada goma sha biyu a garuruwa huɗu wahala ce da ba ka so.

Mataki na biyar: amincewar minista da rajista

A nan ne mafi yawanmu ke tsayawa, kuma a nan ne ainihin aikin yake. Mutum ya biya, ya karɓi C of O mai sunan wani, ya sa a akwati ya kulle, yana ganin ya gama. Sashe na 22 na dokar 1978 ya ce ba a sayar da haƙƙin zama ko jinginar da shi sai da amincewar gwamna, a Abuja kuwa minista, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa dokar banza ne. Kotun Ƙoli ta nuna cewa ba wasa take ba a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo a 1989, inda jinginar da aka yi ba tare da amincewa ba ta rushe. Muddin ba ka yi rajista ba, fayil yana cewa filin na wancan ne. Zai iya rantsuwa a kotu cewa takardarsa ta ɓata, ya nemi wata, ya sayar wa mutum na biyu, kuma in na biyun ya riga ka rajista, kai ne za ka sha wahalar shari'a.

Yadda ake yi shi ne lauyanka ya miƙa wasiƙar neman amincewa da kwafin takardar sayarwa, kwafin C of O, shaidar biyan haraji, shaidar cewa babu bashin kuɗin ƙasa, hotuna da lambar NIN, ko takardun rajista idan kamfani ne. Jami'ai za su ƙiyasta darajar filin, su fitar da takardar kuɗin da za a biya. Cikinta akwai kuɗin amincewa, kuɗin rajista, kuɗin hatimi da harajin ribar sayarwa. Lissafin yana bin ƙimar da gwamnati ta yi, don haka rage farashi a rubuce don a kauce wa haraji ba ya tsinana komai, illa ma ya cuce ka ranar da ciniki ya warware aka ce a mayar maka da abin da takarda ta nuna. Ka ware wannan kuɗi tun kana lissafin sayen filin, domin rashin tanadinsa ne ke sa mutane ɗage rajista har shekaru su shuɗe.

Kowane biya ta Remita, da lambar fayil ɗinka a jiki. Duk wanda ya tare ka a bakin ƙofa ya ce ka tura asusunsa zai gaggauta maka, ka wuce shi. Bayan amincewa ta fito an buga hatimi, za a shigar da takardar a kundin rajista, a rubuta mata lamba da shafi da kundi da kwanan wata. Kada ka tsaya nan. Ka sake biyan kuɗin bincike, ka nemi sabon rahoto, ka ga sunanka da idonka.

Sai maganar takardar wakilci, Power of Attorney, wadda ta cika kasuwar Abuja. Idan filin R of O kawai gare shi, abin da aka saba shi ne a yi rajistar takardar wakilci a AGIS don a san da zamanka a fayil, sannan a bi a fitar da C of O. Tana da amfani, kuma ta fi zama haka nan nesa ba kusa ba. Amma Kotun Ƙoli ta faɗa a shari'ar Ude da Nwara a 1993 cewa takardar wakilci ba ta mayar da mallaka, iko ne na yin abu a madadin mai shi. Saboda haka ka karɓe ta tare da takardar sayar da haƙƙi mai sa hannu, kuma da zarar C of O ya fito ka ƙarasa rajistar sayarwar.

Daga R of O zuwa C of O, da neman fili kai tsaye

Wanda ke son nema daga gwamnati kai tsaye zai cike fom ɗin neman fili a AGIS, ya biya kuɗin nema, ya haɗa hotuna, katin shaida da takardar haraji, a buɗe masa fayil. Doka ba ta yarda a ba wanda bai kai shekara 21 ba. Buɗe fayil ba alkawarin fili ba ne, masu nema sun ninka filayen da ake da su, kuma wanda ya ce yana da hanya a sama in ka ba shi wani abu, kuɗinka yake so.

In Allah ya sa tayi ya fito, lokaci ya fara tafiya. Bisa tsarin da aka sanar a Afrilun 2025, kwana 21 ne a karɓi tayin a rubuce a kuma biya kuɗaɗen da aka yanka, in ba haka ba tayin ya faɗi. Bayan biya sai a shirya taswirar da za a manna, a buga C of O, minista ya sa hannu, a yi masa rajista, a kira mai shi ya karɓa da katin shaidarsa. Ranar karɓa ka duba rubutun sunanka da kyau. Mutanenmu suna da wannan matsala: Muhammad a NIN, Mohammed a fasfo, Mamman a takardar fili. Ka daidaita su tun kafin ka miƙa fom, domin gyaran suna bayan an buga takarda doguwar hanya ce.

Bayan takarda ta shigo hannu

C of O ba ya tsare kansa. Sharuɗɗa biyu ne ke cinye filayen mutane. Na farko kuɗin ƙasa na shekara-shekara, wanda ke hawa kanka ranar 1 ga Janairu ko an aiko maka da takarda ko ba a aiko ba. Shekaru da yawa an yi sakaci da shi har mutane suka ɗauka ba dole ba ne. A watan Maris na 2025 hukumar birnin ƙarƙashin minista Nyesom Wike ta soke takardun filaye 4,794 a manyan gundumomi irin su Wuse, Garki, Maitama da Asokoro saboda bashin da ya kai shekara 10 ko fiye. Ka mayar da shi al'ada: farkon shekara ka nemi lissafinka, ka biya, ka ajiye rasit.

Na biyu shi ne gini. Ana ba da fili ne don a raya shi, wa'adin da aka gindaya kuma shekara 2 ne. A Satumban 2023 an soke filaye 165 saboda an bar su ba gini, cikinsu har da na manyan mutane. Katanga da ɗakin mai gadi ba sa cika sharaɗin. Kafin ka haƙa tushe kuma sai ka kai zanen gininka Sashen Kula da Gine-gine, wanda kowa ke kira Development Control, sun amince. Gini babu izini ana rushe shi ko da a kan fili mai C of O yake. Ka kuma san bambancin soke-soke: idan gwamnati ta karɓi fili don amfanin jama'a, kamar hanya, doka ta tanadi diyya a kan gini da amfanin da ke kai, amma wanda aka soke wa saboda karya sharaɗi ba ya cikin wannan tanadi. In ka sauya gida ko lambar waya, ka sanar a rubuce a gyara adireshinka a fayil, don sanarwa ta same ka.

Maganar gado ita ce ta fi damuna. Na ga gidan da maigida ya rasu ya bar fuloti mai kyau, da C of O na wanda ya sayar masa, ba rajista. Uwargidan ta fito da takardun daga ƙasan akwati bayan ta gama takaba, aka je bincike, sai aka tarar sunan mijinta bai taɓa shiga fayil ba, wanda ya sayar kuma shi ma ya rasu. Ƙanin mijin yana ta kwantar mata da hankali, "Hajiya, ki yi haƙuri, kowa ya san na Yaya ne." Kowa ya sani, amma sai da aka bi 'ya'yan wancan ɗaya bayan ɗaya ana roƙon sa hannu, marayu na jira. Idan mai fili ya rasu, magada su nemi takardar rabon gado daga kotun da ta raba, da takardar ikon kula da dukiyar mamaci daga sashen gado na Babbar Kotun Birnin Tarayya, su kai AGIS a shigar da sunayensu, su kuma ci gaba da biyan kuɗin ƙasa ana cikin haka, domin bashin ba ya jiran a gama rabo.

Takardun asali a ajiye su inda wuta da ruwa da gara ba sa kaiwa, a ɗauki hotonsu a adana a waya da imel, a ba lauya kwafi, iyali kuma su san lambar fayil da inda takardun suke. Idan C of O ya ɓata ko aka sace, a ranar ka kai rahoto ga 'yan sanda ka karɓi takardarsu, ka yi rantsuwa a kotu, ka buga sanarwa a jarida, sannan ka rubuta wa Sashen Kula da Filaye ka nemi a sa gargaɗi a kan fayil ɗin don kada wani ya yi ciniki da shi, kafin ka shiga neman a ba ka madadinsa.